LISSAFIN KUSURWOYI DA HANNU, BA TARE DA NA'URA BA

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A wannan zamani kusan kowace wayar hannu tana ɗauke da na'urar lissafi, watau kalkuleta, kuma da yawa daga cikin 'yan makaranta da masu sana'a sun saba su danna ta su kwafe abin da ta nuna. To, amma ita na'ura abin da aka danna mata kaɗai ta sani, ba ta san abin da mai ita ya ke nufi ba.

Alal misali, akwai ma'auni biyu na auna kusurwa, ɗaya digiri, ɗaya kuma a na kiransa radiyan, kuma na'urar tana iya kasancewa a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Akwai wata lamba ta kusurwa mai digiri 45 da a ke kira sayin, wadda za a bayyana ma'anarta a nan gaba. Amsarta ta gaskiya 0.707 ce, amma idan na'urar tana kan radiyan sai ta nuna 0.851. Kafintan da ya dogara da wannan lamba wajen yanka katakon rufi, inda a ke bukatar mita 5.66 sai ya yanka mita 4.70. Katako ya gaza da kusan mita guda, kuɗi sun salwanta. Ɗalibi kuwa sai ya rubuta kuskuren a takardar jarrabawa bai sani ba. Har ila yau, a jarrabawar gama sakandare ta WAEC da ta NECO a kan kawo tambayoyin da a ke umurtar ɗalibi ya amsa su ba tare da na'ura ko littafin teburan lissafi ba.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa alwatika guda biyu, da ƙa'idodi 'yan kaɗan, sun isa mutum ya fitar da irin waɗannan amsoshi da fensir da takarda, ya kuma gane in na'ura ta ɓad da shi.

MA'ANAR KALMOMI

Kusurwa ita ce buɗewar da ke tsakanin layi biyu a inda suka haɗu. Cikakkiyar da'ira digiri 360 ce. Lungun ɗaki, inda bango ya haɗu da daɓe, digiri 90 ne, shi a ke kira kusurwa madaidaiciya. Alwatika kuwa siffa ce mai gefe uku da kusurwa uku, kuma idan aka tara kusurwoyinta uku kullum digiri 180 su ke bayarwa.

Mai karatu ya kawo hoton tsani a zuciyarsa, an jingina shi da bango. Tsani da bango da ƙasa sun yi alwatika mai kusurwa madaidaiciya. A sa wa kusurwar da ke tsakanin gindin tsani da ƙasa suna A. Shi tsanin shi ne dogon gefe. Bango, daga ƙasa zuwa inda kan tsani ya taɓa, shi ne gefe mafuskanci, domin yana fuskantar kusurwa A. Ƙasa kuma, daga gindin tsani zuwa gindin bango, ita ce gefe maƙwabci. Daga waɗannan a ke samun lambobi uku, waɗanda a ke rubuta su a taƙaice kamar haka:

sayin: sin A = mafuskanci ÷ dogon gefe
kosayin: cos A = maƙwabci ÷ dogon gefe
tanjan: tan A = mafuskanci ÷ maƙwabci

Ko tsanin gajere ne ko dogo, muddin kusurwar ba ta sake ba, waɗannan lambobi ba su sakewa. Wannan shi ne tushen ilmin duka.

Saura kalma biyu. Murabba'in lamba shi ne abin da a ke samu in an riɓanya ta da kanta, watau murabba'in 3 shi ne 9, a rubuta 3² = 9. Tushen lamba kuwa komawa baya ne, watau tushen 9 shi ne 3, a rubuta √9 = 3. Akwai kuma ƙa'idar da a ke danganta wa Fisagoras, masanin ƙasar Girka: a cikin alwatika mai kusurwa madaidaiciya, murabba'in dogon gefe daidai ya ke da murabba'an sauran gefe biyu in an tara su. Magina suna aiki da ita kullum wajen daidaita lungun gini, su auna 3 a gefe guda, 4 a ɗaya gefen, su tabbata tsakaninsu 5 ne, domin 9 da 16 sun ba da 25.

INDA ILMIN YA FITO

Duk abin da ke cikin wannan darasi da hannu aka gano shi, ƙarnuka da yawa kafin a ƙera na'ura. Ƙirgen da ke tafiya sittin-sittin, wanda daga cikinsa a ka samo digiri 360, gadon mutanen Babila ne na ƙasar Iraƙi ta yanzu. Hifarkus na Girka ya tsara jadawali na farko da a ka sani na wannan fanni a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Batlamiyus na Iskandariyya ta Masar ya faɗaɗa shi wajen shekara ta 150, yana tafiya rabin digiri-rabin digiri. A shekara ta 499 Aryabata na ƙasar Indiya ya rubuta jadawalin sayin mai lambobi 24.

Daga nan malaman ƙasashen Musulmi su ka karɓa, domin suna bukatar sanin alƙibla da lokutan salla. Lokacin La'asar, alal misali, da inuwa a ke gane shi, watau idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ya ke da ita da tsakar rana. Lissafin inuwa da tsawon abu kuwa shi ne lissafin tanjan. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa'i na Bagadaza, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, suna cikin manyan waɗanda su ka kyautata fannin.

Ita kanta kalmar sayin tana da dangantaka da Hausa. Indiyawa suna kiran lambar da wata kalma mai ma'anar tsirkiyar baka. Larabawa su ka ara, su ka rubuta ta da baƙaƙen da a ke iya karantawa jaib, watau wuyan riga ko aljihu. Da a ka fassara littattafansu zuwa harshen Latin a ƙarni na 12, sai a ka sa kalmar sinus mai irin wannan ma'ana. Daga al-jaib ɗin nan ne kuma Hausa ta samo kalmar aljihu.

ALWATIKA BIYU DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Ta farko. A zana fili mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe tsawonsa 1, sa'an nan a yanka shi daga lungu zuwa lungu. An sami alwatika mai kusurwa 45 da 45 da 90. Gajerun gefenta 1 da 1 ne, saboda haka murabba'in dogon gefe 2 ne, dogon gefen kuwa √2, watau kimanin 1.414. Ke nan sin 45° da cos 45° duk 1/√2 ne, wanda daidai ya ke da √2/2, ko 0.707. Shi kuma tan 45° 1 ne.

Ta biyu. A zana alwatika mai gefe uku daidai, kowane gefe tsawonsa 2. Kowace kusurwa tata digiri 60 ce. A raba ta biyu daga ƙololuwa zuwa tsakiyar gindi. Kowane rabi alwatika ce mai kusurwa 30 da 60 da 90, dogon gefenta 2, gindinta 1. Tsayinta kuwa, a ɗebe 1 daga 4 saura 3, tsayi ya zama √3, watau kimanin 1.732. Daga nan sai a karanta: sin 30° = 1/2, cos 30° = √3/2, tan 30° = 1/√3. Idan a ka tsaya a ɗaya kusurwar: sin 60° = √3/2, cos 60° = 1/2, tan 60° = √3.

Waɗannan alwatikoki biyu su ne sukwayoyi biyu da ke cikin akwatin kayan lissafi na kowane ɗan makaranta. Ga jadawalin a haɗe:

0°: sin 0, cos 1, tan 0
30°: sin 1/2, cos √3/2, tan 1/√3
45°: sin √2/2, cos √2/2, tan 1
60°: sin √3/2, cos 1/2, tan √3
90°: sin 1, cos 0, tan ba shi da amsa, domin ba a raba lamba da sifiri

Akwai dabarar tuna shi da yatsun hannu guda. A ba yatsu biyar lambobi 0, 1, 2, 3, 4, daga ƙaramin yatsa zuwa babban yatsa, su tsaya a madadin 0°, 30°, 45°, 60° da 90°. A ɗauki tushen lambar yatsa a raba biyu, an sami sayin. Na kosayin kuwa sai a ƙirgo daga babban yatsa. Amma wanda ya iya zana alwatikokin nan biyu, ko ya manta da jadawalin zai sake gina shi cikin minti guda.

ƘA'IDODI SHIDA

Waɗannan ƙa'idodi gaskiya ne a kan kowace kusurwa, shi ya sa a ke iya musanya ɓangare ɗaya da ɗayan a duk inda a ka same shi.

Ta ɗaya: sin²A + cos²A = 1. Wannan ƙa'idar Fisagoras ce, in an ɗauka tsawon tsani 1 ne. Ma'anar sin²A ita ce sin A an riɓanya shi da kansa.

Ta biyu: tan A = sin A ÷ cos A.

Ta uku: sin A = cos (90° − A). Dalili shi ne gefen da ke fuskantar ɗaya kusurwa shi ne maƙwabcin ɗayar. Saboda haka sin 70° daidai ya ke da cos 20°.

Ta huɗu, ta tarawa da ɗebewa:
sin (A + B) = sin A cos B + cos A sin B
sin (A − B) = sin A cos B − cos A sin B
cos (A + B) = cos A cos B − sin A sin B
cos (A − B) = cos A cos B + sin A sin B
A lura, a wajen kosayin alamar juyawa ta ke yi.

Ta biyar, ta ninki biyu, wadda ke fitowa daga ta huɗu idan B daidai ya ke da A: sin 2A = 2 sin A cos A, kuma cos 2A = cos²A − sin²A.

Ta shida, ta kusurwar da ta wuce digiri 90: sin (180° − A) = sin A, amma cos (180° − A) = −cos A. Ke nan sin 150° = 1/2, cos 120° = −1/2.

MISALAI

Misali na ɗaya. A nemo sin 75°. Babu 75 a jadawali, amma 45 da 30 sun ba da 75. Bisa ƙa'ida ta huɗu:
sin 75° = sin 45° cos 30° + cos 45° sin 30°
= (√2/2 × √3/2) + (√2/2 × 1/2)
= (√6 + √2)/4
Tushen 6 kimanin 2.449 ne. A tara da 1.414, an sami 3.863, a raba huɗu, amsa 0.966. Ta wannan hanya cos 75° = (√6 − √2)/4, watau 0.259. Bisa ƙa'ida ta uku kuma, an sami cos 15° = 0.966 da sin 15° = 0.259 ba tare da sabon aiki ba.

Misali na biyu. An ce sin A = 3/5, kuma A ba ta kai digiri 90 ba. A nemo sin 2A. Da ƙa'ida ta ɗaya, cos²A = 1 − 9/25 = 16/25, saboda haka cos A = 4/5. Da ta biyar, sin 2A = 2 × 3/5 × 4/5 = 24/25. An kai ga amsa ba tare da an san ko digiri nawa ce A ba.

Misali na uku. A nemo cos 80° cos 20° + sin 80° sin 20°. Mai gaggawa zai ce sai da na'ura, domin babu 80 ko 20 a jadawali. Mai natsuwa kuwa zai ga siffar cos (A − B) ce, watau cos 60°, amsa 1/2.

Misali na huɗu. A nemo sin²20° + sin²70°. Tun da sin 70° shi ne cos 20°, tambayar ta koma sin²20° + cos²20°, amsa 1.

Misali na biyar. A riɓanya tan 1° da tan 2° da tan 3°, haka har zuwa tan 89°. Lambobi 89 ke nan. Amma tan 1° × tan 89° = 1, domin mafuskancin ɗaya shi ne maƙwabcin ɗayar. Haka tan 2° da tan 88°, har a cika tagwaye 44, saura tan 45° shi kaɗai, wanda shi ma 1 ne. Amsar duka 1.

Darasin da ke cikin misalai ukun ƙarshe shi ne a dubi siffar tambaya tukuna kafin a taɓa lamba.

A WURIN SANA'A

Tsani. Ƙa'idar kiyaye haɗari ita ce gindin tsani ya nisanci bango da awo ɗaya a kan kowane awo huɗu na tsayi, kusurwarsa ke nan ta kusanci digiri 75. Tsani mai mita 6 a wannan kusurwa, gindinsa zai nisanci bango da 6 × 0.259, watau mita 1.55, kansa kuma ya kai 6 × 0.966, watau mita 5.80. In an matso da gindin sosai tsani na iya kifewa ta baya, in an ja shi nesa kuma yana iya zamewa.

Rufin ɗaki. A ɗauka faɗin ɗaki mita 8 ne, ƙololuwar rufi tana tsakiya, rabin faɗi ke nan mita 4. Tashin rufi shi ne 4 × tan A. Tsawon katakon da ke gangarowa daga ƙololuwa, wanda kafintoci ke kira rafta, shi ne 4 ÷ cos A. A kan digiri 15, tashi mita 1.07, rafta mita 4.14. A kan digiri 30, tashi mita 2.31, rafta mita 4.62. A kan digiri 45, tashi mita 4, rafta mita 5.66, ban da abin da za a ƙara na bakin rufi. A garuruwa masu yawan ruwan sama irin su Fatakwal da Kalaba, rufi mai tashi sosai ya fi saurin zubar da ruwa, amma ya fi cin kwano. Ginin da shimfiɗarsa murabba'in mita 100 ce yana bukatar rufi kimanin murabba'in mita 104 a kan digiri 15, da 115 a kan digiri 30, da 141 a kan digiri 45. Mai gidan da ya san wannan ya san abin da zai tanada kafin ya shiga kasuwar kwano.

Tsawon itace ko bene. A kafa sanda a miƙe a fili mai shimfiɗa, a jira lokacin da inuwarta ta yi daidai da tsawonta. A sa'ar nan rana tana kan digiri 45, tan 45° kuwa 1 ne, saboda haka inuwar kowane abu daidai ta ke da tsawonsa. A auna inuwar rimi, an san tsawon rimi.

KURAKURAN DA A KA FI YI

Na farko shi ne ɗauka cewa sin (A + B) daidai ya ke da sin A + sin B. A gwada da 30 da 60: sin 90° 1 ne, amma 0.5 da 0.866 sun ba da 1.366. Sayin da kosayin ba su taɓa wuce 1, domin babu gefen da ya fi dogon gefe tsawo. Duk amsar da ta wuce haka kuskure ce.

Na biyu shi ne mayar da tushe zuwa lambobin ɗigo tun daga farkon aiki. Gara a bar √2 da √3 yadda su ke har zuwa layin ƙarshe, domin sau da yawa suna cinye juna, amsa ta fito cif.

Na uku shi ne manta alamar ɗebewa a kosayin da tanjan na kusurwar da ke tsakanin digiri 90 da 180.

Na huɗu shi ne amfani da na'ura ba tare da gwada ta ba. Kafin a soma aiki a danna sin 30. In ba ta nuna 0.5 ba, to ba a kan digiri ta ke ba.

Ya kamata kuma a san iyakar wannan hanya. A cikin kusurwoyi masu cikakken digiri, waɗanda 3 ke iya rabawa ne kaɗai ke fitowa cif da irin waɗannan tushe, wasunsu ma sai an haɗa da sin 18°, watau (√5 − 1)/4. Digiri 1 ko digiri 20 sai ta hanyar kusantowa sannu a hankali, irin wadda Al-Kashi na Samarƙand, wanda ya rasu a 1429, ya bi ya fitar da sin 1° da hannu. A irin wannan wuri ne na'ura ke da ranarta.

AIKIN GWAJI

1. sin 60° cos 30° − cos 60° sin 30°
2. tan²60° + 4 cos²45°
3. sin 50° cos 40° + cos 50° sin 40°
4. 2 sin 15° cos 15°
5. An ce cos A = 5/13, A ba ta kai digiri 90 ba. A nemo tan A da sin 2A.
6. An ɗaure waya daga kan turke mai tsayin mita 9 zuwa ƙasa, ta yi kusurwa 60° da ƙasa. Nawa ne tsawon wayar?

Amsoshi: ta 1, 1/2, ta 2, 5, ta 3, 1, ta 4, 1/2, ta 5, 12/5 da 120/169, ta 6, 6√3, watau mita 10.39.

A na roƙon malaman makarantu, da masu koyar da manya a azuzuwan yaƙi da jahilci, da shugabannin sana'a masu yara a ƙarƙashinsu, su sa masu koyo su zana alwatikokin nan biyu da hannunsu, su auna su da ma'auni, kafin a ba su na'ura. Iyaye ma suna iya taimakawa da sanda da inuwa a tsakar gida. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya amsa tambayoyin nan shida daidai da fensirinsa ya mallaki abin da mutuwar batir ba za ta raba shi da shi ba.